Ɗan Hakin da ke Cikin Leda

Masu sauraro, jama'ar New Bell, da Unguwar Kongo, da Makeya, da Kasalafam, da duk inda muryata ta riske ku a cikin Duwala da kewayenta, ku matso kusa. Masu keken ɗinki ku ɗan sassauta ƙafa, masu shayi a ƙaro murya, domin zancenmu na yau ya shafi abin da ke kan teburinku.

Zan fara da labarin wata ƙanwata, 'yar baffana, wadda take ɗinki a Kasuwar Kongo. Ta ba ni izinin faɗa, da sharaɗin in sakaya sunanta. Ta kusa shekara tana fama da ciki. Da la'asar ta yi sai ya kumbura kamar ganga, ya riƙa ƙugi, wani lokaci har da murɗa da gudawa. An ce taifod ce, ta sha magani. An ce basir ne, ta sha jiƙo kala-kala. Daga ƙarshe ta je wurin likita, aka duba jini da bayan gida, ba tsutsa, ba atini. Likitan ya ce ta ajiye madara da duk danginta tsawon mako uku, ta sami ɗan littafi ta riƙa rubuta abin da ta ci da yadda cikinta ya kwana.

Ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ta koma shan baƙin shayi. Ta bar kosam, ta bar fura da nono, abin da take so kamar ranta. A rana ta goma sha biyu ta kira ni, murya a sanyaye, ta ce, "Yaya, ba madara ba ce. Na bari, kuma jiya i yau."

Washegari na bi ta shagonta. Tana kan keke tana haɗa wata atamfa, ga almakashi, ga alli, ga awo a wuyanta, sai ga wata leda mai ƙyalli a gefen zare, an ci rabi. Biskit ne mai farin kirim a tsakiya. Na ɗauka na juya bayansa. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, sai da na ɗauki hotonsa da waya na buɗa shi da yatsu. Fulawa ce ta farko, sai sukari, sai mai, ga na huɗu nan: lactosérum en poudre. Wato ruwan da ke tsatsowa idan madara ta daskare, aka busar da shi ya zama gari. Yawancin abin da ke cikin garin nan sukarin madara ne, shi ne kuwa ainihin abin da likita yake zargi.

Ta dube ni ta ce, "To Yaya, ai wannan ba abinci ba ne, abin taɓawa ne kawai."

Wannan maganar tata ce ta sa na shirya zancen yau. Tukunyar gida mun san abin da muka zuba mata. Inda gwajin yake lalacewa shi ne tsakanin karin kumallo da na rana, tsakanin azahar da magariba, wurin ɗan abin da muke saya a butik mu jefa a baki ba mu ƙirga shi cikin ci ba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kwana goma sha biyu ta yi tana hana kanta fura, biskit guda biyu a kullum suna rushe mata aikin.

Ga wanda bai san irin wannan gwaji ba, ga yadda yake. Idan mutum ya daɗe da kumburin ciki, ko gudawa mai zuwa da komawa, ko ƙaiƙayin fata, aka duba ba a ga wata cuta ba, likita kan ce a cire abincin da ake zargi gaba ɗaya na mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida. In jiki ya lafa, sai a mayar da abincin, ɗaya bayan ɗaya, a ga ko ciwon zai dawo. Cirewa da mayarwa ke nan. Amfaninsa duka ya rataya ne a kan tsabtar cirewar. Idan abin yana shigowa ta ƙofar baya, sakamakon da za a samu ƙarya ne: a wanke mai laifi, a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Kafin in ci gaba, akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Abincin da bai karɓi mutum ba iri biyu ne. Akwai wanda hanji ne kawai ya kasa narkar da shi, kamar sukarin madara. Wannan yana da wahala amma ba ya kisa, kuma ba baƙon abu ba ne: kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ƙarfinsu na narkar da sukarin madara yana raguwa bayan yaye, ko da yake 'yan'uwanmu Fulani da yawa suna riƙe nasu har tsufa. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce take ɗaukar abincin a matsayin maƙiyi. Shi ne mutum zai ci gyaɗa ko jatan lande, cikin 'yan mintoci ko kafin awa biyu borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, harshe ya yi nauyi, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, ko jiri ya kwashe shi. Wanda ya taɓa ganin haka a jikinsa ko jikin ɗansa, kada ya gwada mayar da abincin nan a gida, ko ɗan lasa. In kuma abin ya faru, ba a tsayawa neman manja ko jiƙo. A tari babur ɗin haya, wato bensikin, ko tasi a nufi asibiti mafi kusa, Asibitin Gundumar New Bell ko Lakintini, domin allurar adirenalin ce take ceton rai a wannan hali. Haka nan wanda yake ganin jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, nasa ya wuce maganar canjin abinci, likita zai gani.

Yanzu mu ɗauki leda mu juya bayanta. Gaban leda talla ce, nan ake zana saniya da zangarniyar alkama da yaro mai dariya. Gaskiyar tana baya, ƙarƙashin kalmar Ingrédients. Ƙa'idar da ake bi kusan ko'ina a duniya ita ce a jera kayan haɗin bisa nauyi, wanda ya fi yawa shi ne na farko. Amma mai gwajin cirewa ba ya tsayawa a ukun farko, sai ya kai ƙarshen layi, don abin da yake gudu sau da yawa can yake a wutsiya.

Madara tana da sunaye da yawa. Lait kowa ya san shi. Sai lait écrémé en poudre, da lactosérum, da lactose, da caséine, da crème, da beurre. Gyaɗa takan zo da suna arachide ko cacahuète. Alkama ita ce blé ko froment, kuma in likita ya ce a guji gulutin, to orge da malt da seigle suna cikin sahu. Ƙwai shi ne œuf, wani lokaci a rubuta albumine. Riɗi shi ne sésame. Fruits à coque kuwa su ne dangin yazawa da almon da makamantansu. Akwai wata kalma da take rikita mu a nan Kamaru: soja. Bahaushe in ya ji soja sai ya tuna mai kaki, in ya ji soya a bakin mutanen Duwala tsire ake nufi. A bayan leda, soja waken suya ne, wanda ake yin awara da shi, kuma lécithine de soja tana cikin cakulan da yawa.

Kayan da ke kan kantar butik ɗinmu ba daga wuri ɗaya suke ba. Akwai na gida, irin Mambo da Tartina na kamfanin Chococam da ke nan Duwala, waɗanda muka tashi da su tun muna 'yan makaranta, kuma kayan gida kan zo da Faransanci da Ingilishi. Hukumar ANOR, wadda aka kafa a 2009, ita ke kula da ƙa'idojin ingancin kaya a ƙasar nan. Akwai masu shigowa daga Najeriya da lambar NAFDAC, rubutunsu Ingilishi ne, inda za ka nemi milk da whey da groundnut da wheat. Akwai na Turkiyya da Masar da Dubai masu rubutun Larabci, kuma a nan karatun allo da na Islamiyya yake mana rana: halib madara, ful sudani gyaɗa, ƙamhu alkama, simsim riɗi, baidu ƙwai. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne, mu a unguwar nan ba baƙin karanta leda ba ne. Sau nawa ka ga dattijo ya tsaya da alewa a hannu yana neman gélatine de porc kafin ya miƙa wa jikansa? Idon da muke duba halal da shi, shi za mu ƙara wa aiki kaɗan.

Can ƙasan jerin za ka ga an rubuta peut contenir des traces de, a biyo da gyaɗa ko madara. Ma'anarsa ba a zuba abin da gangan ba, amma injin ɗaya ne ko ɗakin ɗaya ne, ɓurɓushi na iya shiga. Mai kumburin ciki saboda sukarin madara, ɓurɓushi ba ya yi masa komai a galibi. Mai shaƙewar maƙogwaro kuwa, wannan layin nasa ne, ya ajiye ledar.

Waɗannan rubuce-rubucen ba haka kawai suka zo ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta fito da abubuwa 14 irin waɗannan fili a jikin kayan abinci tun Disambar 2014, shi ya sa a kayan Faransa za ka ga an rubuta su da baƙi mai kauri. Amurka tana da 9, bayan ta ƙara riɗi a farkon 2023. A Ingila, a 2016, wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, wadda jikinta ba ya karɓar riɗi, ta sayi burodi a filin jirgin sama na Heathrow. Ta duba ledar, ba a ambaci riɗi ba, alhali an kwaɓa shi cikin ƙullun. Ta faɗi a cikin jirgi, ta rasu a ranar. Iyayenta suka tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ake kira da sunanta, ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta ce ko a shagon aka haɗa abinci aka naɗe, dole a rubuta duk abin da ke ciki. Yarinyar ta karanta. Takardar ce ba ta cika ba.

Bari in ɗan taɓo wani kaya da ya fara shigowa jakar 'ya'yanmu da ta ma'aikatan ofis, wanda ake saya a manyan kantunan Akwa da Bonapiriso: ɗan curin hatsi da zuma da ake kira barre de céréales. Ana ɗaukarsa abincin lafiya, kuma ga mutane da yawa ba laifi. Ga mai gwajin cirewa kuwa, tarko ne, domin a cikin abin da bai fi tsawon yatsa biyu ba za ka iya samun alkama, da malt, da garin madara, da waken suya, da gyaɗa, da busassun 'ya'yan itace da aka adana da sulfites. Wanda aka rubuta wa sans sucres ajoutés, duba ko akwai sorbitol ko maltitol, ko fibre de chicorée, wadda ake kira inuline. Waɗannan hanji ba ya tsotse su sosai, sai ƙwayoyin da ke cikin babban hanji su ruɓar da su, iska ta taru. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya su suka yi fice wajen nazarin wannan rukunin tun wajen 2005. Ko cingam marar sukari yana da sorbitol, kuma in ka duba da kyau za ka ga an yi gargaɗin cewa yawan cinsa na sa gudawa.

To amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kashi nawa na abin da muke taɓawa a New Bell ne yake da takarda?

Unguwar nan tun asalinta mahaɗa ce. Jamusawa ne suka yanke ta gab da yaƙin 1914, lokacin da suke tashin mutanen Duwala daga bakin ruwa, rigimar da ta kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan wannan shekara. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da Ewondo, da mutanen Najeriya da sauran ƙasashen yamma. Kowa ya zo da tukunyarsa. Shi ya sa ɗan New Bell a yini ɗaya zai karya da fanke da wake da koko a bakin titi, da rana ya ci ndole da miyondo a wurin maƙwabciya, da yamma ya tsaya wurin mai tsire kusa da babban masallaci, da dare a kawo masa dakuwa daga gidan suna. Wannan arziki ne, ni ma ba zan so a raba ni da shi ba. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da yake da jerin kayan haɗi.

Ɗauki gyaɗa kaɗai. Yajin tsire, wanda mutanen kudu ke kira kankan, ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa. Labun da ake tsoma kilishi a ciki da tunkuza ake dama shi. Ndole shuwaka ce da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Dakuwa, da kantun gyaɗa, da kunun gyaɗa, da karamel ɗin da yara ke tallansa a kwalba, duk ita ce. Kokon safe ma wasu sukan sa masa gyaɗa, wasu madara, ba za ka gane da ido ba. Man ƙuli na gida, wanda aka matse da hannu, yana ɗauke da ragowar furotin ɗin gyaɗa fiye da tataccen man kamfani. Sai jatan lande. Ƙasar nan ma da shi aka raɗa mata suna: matuƙan jirgin ruwan Fotugal da suka shigo kogin Wuri a 1472 sun kira shi Rio dos Camarões, kogin jatan lande, daga nan Kamaru ta samo asali. Busasshen jatan lande, wato manjanga, ana daka shi a zuba a miya har ya ɓace, a ndole, a eru, a miyar kuɓewa, kuma akwai dunƙulen miya da aka rubuta crevette a jikinsa. Madara kuwa tana cikin gullisuwa, da tuwon madara, da cincin ɗin biki. Alkama tana cikin alkaki da fanke, kuma man da aka soya fanke da shi sau da yawa shi ake jefa ƙosai.

A nan takardar tana bakin mai sayarwa, sai an tambaya. Kuma tambayar tana da salo. Idan ka tsaya gaban mai tsire cikin jama'a ka ce, "Me kake zubawa a yajin nan?" zai ji kamar kana tuhumarsa, ko kana son sirrin sana'arsa. Na ga yadda wani dattijo a layinmu yake yi, abin ya burge ni. Yakan jira mutane su ragu, ya yi sallama, ya ce, "Malam, likita ya sa min doka a kan gyaɗa. Don Allah in akwai naman da bai taɓa yaji ba, a gasa min a gefe da gishiri da albasa." Mai tsiren yakan goge wuƙarsa, ya shimfiɗa sabuwar takarda, ya yanka masa. Bai nemi a faɗa masa sirrin yajin ba, abu ɗaya ya ambata, kuma ya ɗora dokar a kan likita. Haka za ki ce wa mai koko, "Inna, na yau da madara ne ko babu?" Na yau, domin haɗin jiya ba lalle ne ya zama na yau ba. A gidan biki ma kalmar nan ta "likita ya sa min doka" tana fitar da mutum kunya, ba wanda zai ce ka raina abincinsa. Sai dai in maimaita: mai shaƙewar maƙogwaro, goge wuƙa bai ishe shi ba, tiren da wayar gashin duk sun sha yaji.

Akwai kuma kayan da aka sayo a kwali daga Mbopi ko Babbar Kasuwa, aka farke aka ƙulla a ƙananan leda don a sayar da sauƙi. Rubutun ya tafi da kwalin. Mai butik ɗin unguwa ɗan'uwanka ne, ka ce ya nuna maka kwalin, ka ɗauki hoto. In babu kwalin, a bar abin har gwaji ya ƙare. Makonni ne kawai. A cikinsu akwai ayaba, da gwanda, da gasasshiyar agada, da dafaffen rogo ko dankali, abubuwan da kana ganinsu ka san abin da ke ciki.

Na ce makonni ne kawai, kuma ina so a riƙe wannan. Abin da yake damuna shi ne ganin mutane sun cire madara, sun cire alkama, sun cire ƙwai da wake da gyaɗa a lokaci ɗaya, ba likita, ba ranar gamawa, saboda wani saƙo da aka turo musu a WhatsApp. Kowace cirewa tana da farashi. Tun 2011 ake ƙara wa fulawar alkama a Kamaru sinadarin ƙarfe da zinki da wasu bitamin masu gina jini, wanda ya bar burodi ya bar su. Gyaɗa da wake su ne naman talaka. Ƙaramin yaro, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon sukari, kada su shiga wannan gwaji sai da ma'aikacin lafiya a kusa. Wanda kuma ake zargin alkama ce take cin hanjinsa, cutar da likitoci ke kira siliyak, a yi masa gwajin jini tun yana cin alkamar, domin in ya riga ya bari, gwajin na iya fitowa fes alhali cutar tana nan.

Mayarwa ita ce rabin aikin da mutane ke gudu, don wanda ya samu sauƙi ba ya son ya tono ciwo. Amma sai da ita ake sanin gaskiya. A ɗauki abu ɗaya, shi kaɗai, ba a haɗe da wani ba. A fara da kaɗan, washegari a ƙara, rana ta uku a ci kamar yadda aka saba, ana rubutawa. In ciwo ya taso a dakata har jiki ya lafa kafin a gwada na gaba. Kuma kada a gwada da biskit ko cakulan, abu goma ne a ciki, in ciki ya murɗa ba ka san wa za ka kama ba.

Ƙanwata ta sake ƙirga mako ukunta daga farko. Ta maye gurbin biskit da ayaba da soyayyar gyaɗa, tunda gyaɗa ba ta cikin waɗanda ake zargi a wurinta. Kafin mako na biyu ya ƙare cikin ya kwanta. Da lokacin mayarwa ya yi, ta dama garin madara rabin kofi ta sha da safe, kafin azahar ƙugin ya dawo. Ta huta kwana uku, sannan ta gwada kindirmo, wanda tsaminsa ya riga ya cinye wani kaso na sukarin madarar. Ludayi biyu, shiru. Washegari rabin kwano, shiru. Ta kai wa likita littafin, ya duba, ya ce ta ci gaba da nononta daidai gwargwado, ta bar madarar gari da ta gwangwani. Ranar Juma'ar da ta wuce na same ta a shago da kwanon fura a gefen keke, tana sha tana jiran mai kaya.

A shirinmu na mako mai zuwa za mu ɗauki littafin rubuta abincin kansa, yadda ake tsara shafinsa, da yadda wanda ba ya rubutu zai yi nasa da saƙon murya a waya.